Takardar da Ta Kori Shanun Jaɓɓi

Tun ranar da kuka buɗe shagon kwamfuta a tsallaken titi nake kallonku, kuma ba da mugun ido ba. Mutum ya shigo da kukansa, kafin ya gama share gumi kun danna, inji ya tofo takarda fara tas, ba gogewa, ba tabon tawada. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana cewa ai rubutun takardar koke ba sana'a ba ce, tunda akwai samfuri a cikin kwamfuta, suna kawai ake canzawa. Ban ji haushi ba, dariya ma na yi, don ni kaina na daɗe ina ɗaukar abin haka. Ban dawo hayyacina ba sai da na rubuta wata takarda mai daɗin karatu, wadda ta raba wani dattijo da ikon cewa a shiga ko a fita a gonarsa ta gado. Ku jawo benci ku ji yadda aka yi.

Kayan aikina ba su da yawa. Tafireta ce tsohuwa wadda harafi ɗaya ke maƙalewa sai na ɗago shi da farce, da takardar kabon don a sami kwafi uku a bugu ɗaya, da tebur, da bencin da mai koke zai zauna. Akwai kuma kundin tsarin mulkin ƙasa, wanda na saya a hannun wani mai tallar littattafai. Gaskiya ba don karatu na saya ba. Na lura mutum in ya ga littafi mai kauri a gabanka yakan rage gardama, sannan yana danne takardu idan iska ta taso. Shekara da shekaru aikinsa ke nan a teburina.

A hannun Malam Haruna mutumin Sanyinna na koyi aikin, a gindin dogon yaro kusa da kotu a nan Tambuwal. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa harafi ko ɗaya ba. In jera kabon, in canza zaren tawada, in zauna in yi shiru. Mai koke yana tashi sai Malam ya juyo ya ce, "Shehu, mi yaz zo da shi?" In kwashe labari duka in faɗa masa, ina jin kaina. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga abin da yaf faɗi na. Ni tambayakka nika yi, mi shika so?" A lokacin ban ga bambanci ba. Na ɗauka tsufa ne ke sa shi jan magana.

Akwai wani mutumin Jabo da ya zo wata safiya yana huci, wai indararon maƙwabcinsa yana zuba a katangarsa, damina biyu ke nan. So yake a rubuta wa hukuma ta zo ta gani da idonta. Malam Haruna ya saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ya tambaye shi ko mai unguwa ya sani. Ya ce a'a. Ko liman ya sani? A'a. Ko ya taɓa zama da maƙwabcin ba a tsaye ba? A'a. Malam ya rufe tafireta ya ce, "Tafi ka fara da su. In anka kai maganag ga ofis, za a manta da indararo, a koma tambayakka ina takardar gida, kuma ku biyu babu mai ita." Mutumin ya tafi yana gunaguni. Ni ma na yi gunagunin a zuciya, don a ganina Malam ya kori abinci da hannunsa.

Da Allah ya yi wa Malam Haruna rasuwa na gaji tebur da inuwar. Hannuna ya fi nasa sauri, Turancina ya fi nasa ado, kuma ba na korar kowa. Na ƙirƙiro wata jimla da nake rufe kowace takarda da ita, cewa muna roƙon hukuma mai adalci ta shigo cikin lamarin ta kafa tsari na dindindin. Mutane na son ta. In na fassara musu sai su gyaɗa kai, su ji lallai an yi musu aiki. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, in hukumar ta shigo, ta wace ƙofa za ta fita.

Yanzu ga shekarar da ta ɓaci. Amma sai kun san yadda ake yi a ƙauyukan ƙasar Kebbe, don na san wasunku ba su taɓa kwana a gona ba. Idan an gama girbi, an kwashe gero da dawa, an roro wake, manomi yakan yi magana da maƙwabcinsa mai shanu ya kawo garkensa gonar. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su kwana a nan, su bar taki. Bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har a zagaye gonar. Manomi ya ba da damin hatsi gwargwadon yadda suka shirya. Babu takarda, babu shaida in ba Allah ba. Wanda ya saɓa, baɗi ba mai kula shi, kuma wannan hukuncin ya ishi kowa.

Alhaji Maidamma manomi ne a wata tunga can bayan Kebbe. Maƙwabcinsa Jaɓɓi yana noma shi ma, amma ƙarfinsa a shanu yake. Tun zamanin iyayensu shanun gidan su Jaɓɓi ke kwana a gonar gidan su Alhaji, shi ya sa gonar take baƙa wuluk alhali na kewaye sun koma jan rairayi. A wannan shekarar wani garke na masu wucewa, ba na Jaɓɓi ba, ya faɗa gonar kafin a roro wake, ya yi kaca-kaca da ita. Kafin a kai wa mai gari labari sun yi nisa.

Alhaji ya iso teburina bayan azahar, ya sauka daga mashin yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Malam Shehu, so nika yi ka rubuta a nemo mutanen ga. Ko ba su biya ba, a ja musu kunne, su san gona tana da mai ita."

Abin da yake so ke nan, kuma ya faɗe shi a fili. Da Malam Haruna ne, layi biyar zai buga ya sallame shi. Ni kuwa na zuba shafi biyu. Na kawo asarar manoma, na kawo zaman lafiya, na kawo 'ya'ya da jikoki. A ƙarshe na ƙara sakin layi guda, cewa don kada haka ta sake faruwa, muna roƙon a kafa doka, kada dabba ta shiga kowace gona a yankin sai da rubutaccen izinin hukuma.

Da na karanta masa da Hausa, ya ɗaga hannu. "Malam, wanga na ƙarshe ban ce shi ba."

Na ce, "Alhaji, ai shi ne gishirin takardar. In babu shi, a ƙasan fayil za ta kwana."

Ya ce, "To, ku kunka san aikinku." Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

Ba zan faɗi ofishin da na aika wa ba, don mutanen da ke cikinsa yanzu ba su ne na wancan lokacin ba. Takardu ɗari na aika wurare irin wannan ba a ko amsa ba. Wannan ɗaya kuwa sai ta faɗa hannun wanda ya so ta. Masu ɓarnar ba a taɓa nemo su ba. Amma kafin girbin shekara mai zuwa an kafa kwamiti, an ba shi sakatare da hatimi da 'yan sintiri, an kuma yi shela a kasuwanni cewa shanu ba za su shiga gonar kowa ba sai manomi da mai shanu sun zo tare sun karɓi takarda. Labari ya zagayo Tambuwal cewa alƙalamina ne ya jawo. Na yi ta karɓar barka, har na sayi sabuwar hula.

Alhaji da Jaɓɓi mutane ne masu bin doka. Da aka gama girbi suka hau mashin ɗaya, suka nufi ofishin kwamitin ta wannan hanyar da kuka sani, wadda ke raba mutum da haƙoransa. Zuwan farko sakatare ya yi tafiya. Zuwa na biyu yana nan, amma hatimi na cikin aljihun tebur, makulli na hannun wanda ya tafi ta'aziyya. Zuwa na uku aka ce su koma su kawo wasiƙar mai gari da hotunansu. Duk wannan kai da komo gara na cin kara a gona, shanu kuma na tsaye a bayan gida suna kallon abinci ta saman shinge. Ran nan Alhaji ya gaji ya ce wa Jaɓɓi, "Gonata ta, ubana yab bar mini. Kora su ka shiga." Jaɓɓi ya kora. Kwana uku suka yi, a na huɗu 'yan sintiri suka zo da hantsi suka tasa shanu goma sha huɗu gaba, har da biyu masu ciki, suka kai su wani shinge a gari suka rufe. Alhaji na biye da su yana rantsuwa cewa shi ya ba da izini. Aka ce masa izininsa ba izini ba ne.

Washegari ya zo Tambuwal. Bai zauna a benci ba. Ya ce, "Malam Shehu, takardakka ta ci ni. Shanun mutane na ɗaure babu ciyawa, kuma ni nac ce shi shiga. In naggen ga guda tam mutu, da wane ido zan dubi Jaɓɓi?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na sa takarda a tafireta, hannuna ya tafi da kansa zai fara roƙon hukuma mai adalci, sai na tsaya. Roƙon ne ya kawo mu nan. Ban san abin da zan rubuta ba, don haka a karo na farko na ɗaga littafin nan daga kan takardun da yake dannewa, na buɗe.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki, kuma har yau yana ba ni. Ni na ɗauka littafin gwamnati ne, wanda aka jera abin da talaka zai yi da wanda zai bari. Sai na ga babi guda cur da aka keɓe don faɗa wa hukuma inda ƙafarta za ta tsaya. Ba ta da ikon taɓa dukiyar mutum sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Ba ta da ikon yanke masa hukunci ba a saurare shi ba. Wanda ya fi kama ni shi ne inda aka nuna cewa ba a kama mutum da laifi sai laifin yana rubuce a cikin doka, da hukuncinsa, kuma doka tana da waɗanda aka zaɓa su yi ta. Na karanta, na koma, na sake karantawa da yatsa. Ashe shela a kasuwa ba doka ba ce. Ashe mutum don yana da hatimi ba shi ke nuna yana da iko ba. Na yi shekara ashirin ina rubuta wa hukuma, ban taɓa tambayar ta inda ta samo ikon abin da nake roƙon ta yi ba.

Takarda ta biyu ba ta kai rabin shafi ba, kuma ba ado a cikinta ko kaɗan. Na ce mai gona ya ba maƙwabcinsa izini, ga sa hannunsa. Na ce muna neman a nuna mana rubutacciyar dokar da ta mayar da wannan laifi, da majalisar da ta yi ta. In babu, a saki shanun. A ƙasa na nuna cewa kwafi ɗaya zai tafi kotu. Na rufe tebur da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na hau bayan mashin tare da Alhaji.

Sakataren kwamitin ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya karanta takardar sau biyu, ya jawo fayil, ya zaro wata mai shafi biyu ya shimfiɗa a gabana. Tun daga nesa na gane harafina mai maƙalewa.

Ya ce, "Malam, ba kai kar rubuto wagga ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

"To mi yac canza?"

Na ce, "Na roƙi a karɓi abin da ba nawa ba ne in bayar. Ikon gonar Alhaji na Alhaji ne. Ba ni da hurumin miƙa shi, ku ma ba ku da hurumin karɓa."

Ya jingina da kujera ya ce, "Na ji. Amma ka duba nawa gefe. In nis soke tsarin ga, gobe anka yi faɗa wani wuri, wa za a tambaya? Ni. In nib bar shi, ko shanun duniya sun rame babu mai tambayata." Ya faɗi haka ba da izgili ba, gaskiyar zamansa ya faɗa mini. A nan na gane abin da ya sa irin wannan tsari ba ya mutuwa. Wanda ke riƙe da shi ba ya asarar komai in ya riƙe, wanda ke asara kuma ba shi ke riƙe da shi ba.

Sai da aka ƙara kwana biyar ana tuntuɓar na sama kafin aka ce a saki shanun. A takardar sakin an rubuta cewa an yi haka ne don tausayi da girman shekarun Alhaji. Ba a ce an yi kuskure ba, ba a nuna mana dokar ba, ba a kuma soke tsarin ba.

Kada ku tashi daga nan ku ce tsoho ya ce a rushe gwamnati. Da a ce an nemo masu ɓarnar nan an kai su gaban alƙali, da aikinta ta yi, kuma abin da Alhaji ya nema ke nan. Da ta gyara hanyar Kebbe, da ta tsare mutum ya kwana a gonarsa ba tsoro, da ni ne na farkon yi mata addu'a. Waɗannan ba mai iya yi sai ita, kuma suna nan suna jiranta. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, me ya sa hukumar da ta kasa kama garke guda da ya yi ɓarna take da ƙarfin tsare garken da bai yi komai ba? Amsar da na samu ita ce mai laifi gudu yake yi, mai bin doka kuwa yana gida, an san ƙofarsa. Shi ya sa duk sabon iko da aka ba hukuma, a kan masu bin doka yake fara sauka.

Akwai kuma wani abin da nake mamaki game da mu kanmu. Da zarar ranmu ya ɓaci sai mu ce gwamnati ta shigo, muna zaton za ta zo ta tsaya a bayanmu ta fuskanci abokin faɗa. Ba ma tuna cewa gobe mu ne abokin faɗan wani. Kamar ka kira baƙo ya raba ka da ɗan'uwanka ne, ya raba, sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce daga yau duk mai shiga gidan sai ya gaya masa dalili. Waɗanda suka rubuta wa hukuma iyaka ba don sun ɗauka duk mai mulki azzalumi ne suka yi ba. Sun san ko mutumin kirki ne, in aka ba shi hatimi zai nemi abin da zai buga wa. Saboda haka yanzu in mutum ya zauna a bencina, kafin in buga harafi sai na san ko akwai wanda ya fi kusa da zai iya kashe maganar, sai na san ko ofishin da za mu rubuta wa doka ta ba shi wannan aikin, kuma ba na ƙara wa mutum ko kalma ɗaya a kan abin da ya nema. Wannan ba ya cikin samfurinku.

Ranar da aka buɗe shingen ina wurin. Shanun suka fito ƙasusuwan ƙugu a waje, ɗaya daga cikin masu cikin ta yi ɓari tun kwana biyu da suka wuce. Jaɓɓi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana kiran sunayensu. Muka rako shi har bakin tunga, mu a ƙasa muna tura mashin. Da muka zo daidai gonar, shanun suka karkata da kansu za su shiga, don sun san wurin. Jaɓɓi ya tare su da sanda.

Alhaji ya ce, "Haba Jaɓɓi, bar su su shiga. Ga kara nan ya rage. Wallahi ko mi yaf faru ni ad da alhaki."

Jaɓɓi ya tsaya, ya jingina da sandarsa. Ya ce, "Alhaji, ban riƙe ka da komi ba, Allah ya sani. Ubana da ubanka magana ɗai sunka yi, ta ishe su har sunka mutu. Ni ma da maganakka nis shiga. Amma na gani da idona, kana tsaye cikin gonakka kana cewa kai kab ba da izini, anka ce izininka ba izini ba na. To in nis sake shiga, da maganar wa zan shiga?"

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ni ne mai kalmomi, da su nake ci, amma sai na kawar da kai na gyara riƙon mashin.

Jaɓɓi ya kora shanunsa ya wuce. A wannan ranin ya kai su wurin dangin matarsa can nesa, kuma can suka riƙa cin rani daga nan. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsu ba, Jaɓɓi na cikin waɗanda suka ɗauki gawar Alhaji bayan damina shida. Na je ta'aziyya, hanya ta bi da ni ta gefen gonar. Ta koma ja, daidai da na maƙwabta.